Hoton ambaliyar da ya kamata Zage-zagi su gani

Duk sanda damina ta kankama sai hotunan nan su dawo yawo a WhatsApp da Facebook: Legas ruwa ya shanye ta sai kan benaye ake hange, Landan ana tuƙa kwale-kwale a gaban majalisa, Dubai dogayen gine-ginenta tsaye cikin teku kamar karan dawa a fadama. A zaurukan 'yan Zariya amsar iri biyu ce. Wasu su ce Allah ya kyauta su wuce, wasu su ce mu dai Alhamdu lillahi, ina mu ina teku. Daga Rotadam ta ƙasar Holan nake wannan rubutu, garin da mafi yawansa yake ƙasa da doron teku, kuma a ganina hotunan nan sun fi yi wa mutumin Zazzau illa a kan amfani. Suna nuna masa ruwan da ba zai taɓa zuwa ƙofarsa ba, suna kawar masa da ido daga wanda yake zuwa duk watan Agusta.

Teku kam yana tashi, wannan babu musu. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya auna cewa daga 1901 zuwa 2018 ya ƙaru da kusan santimita 20, kuma daga 2006 zuwa 2018 saurin ya kai milimita 3.7 a shekara. Dalili biyu ne manya: ruwa yana kumbura idan ya yi ɗumi, sannan ƙanƙarar kan tudu tana narkewa tana kwarara cikinsa. Zuwa 2100 hasashen yana tsakanin santimita 28 da mita ɗaya da 'yan kai, gwargwadon hayaƙin da duniya ta ci gaba da fitarwa. To ina aka samo ruwan da ya kai hawa na uku a hoto? Hotunan da suke da tushe, irin waɗanda ƙungiyar Climate Central ta Amurka ta fitar a 2021, suna nuna inda teku zai tsaya ne bayan ɗaruruwan shekaru. Idan aka tura su daga waya zuwa waya wannan bayanin ne yake fara faɗuwa a hanya. Sauran kuwa ƙirƙirarriyar basira ce ta zana su, babu awo ko ɗaya a bayansu. Zariya tana sama da mita 600 bisa doron teku. Da duk ƙanƙarar duniya za ta narke ƙarƙaf, teku ba zai tashi fiye da mita 70 ba.

Ba ina cewa abin bai shafe mu ba. 'Yan'uwanmu nawa ne ke neman abinci a Mile 12 da Agege da Idi-Araba a Legas? Kayan shagunan Sabon Gari da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Apapa suke shigowa. Garin Ayetoro na Jihar Ondo teku yana cin gidajensa tun yanzu. Amma wannan damuwa ce ta aljihu da ta zumunci. Ruwan da zai kayar da katanga a Tudun Jukun daga sama zai sauko.

Mutanen Holan sun ga misalin haka a gidansu. Bayan ambaliyar daren 31 ga Janairun 1953, wadda ta kashe mutum 1,836 a Holan, sun shafe fiye da shekara arba'in suna gina madatsu da ƙofofin tare teku. Ta kusa da Rotadam, wadda aka gama a 1997, ganye biyu gare ta, kowanne tsawon mita 210. Sai ga shi a Yulin 2021 ruwan da ya yi musu ɓarna a Limburg ya sauka, yankin tuddai mafi nisa daga gaɓa. Sama ce ta ɓare kwana biyu, ƙananan rafuka suka cika suka shiga gari. Ruwan nan ɗaya ya kashe fiye da mutum 180 a maƙwabciyarsu Jamus. Ƙa'idar sananniya ce: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma ranar da ta sauke shi a dunƙule take saukewa. Maiduguri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, da Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, babu wadda take bakin teku.

Mu dawo gida mu yi lissafi, domin a nan zancen yake. Zariya tana samun ruwan sama kamar milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Jimillar ba ita ce abin tsoro ba, abin da ya sauka cikin awa ɗaya ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne, don haka ruwan milimita 50 yana zuba masa lita 23,000, wato duro 116 na lita 200. Lokacin da tsakar gida take ƙasa ce, ga darbejiya ga ɗan lambu a bayan ɗaki, kaso mai yawa a nan yake nutsewa. Yanzu kwano ya rufe rabi, siminti ko intalok ya rufe sauran, an ɓula katanga an saka bututu ya fuskanci lungu. Kusan duka duro 116 ɗin titi suke fita, cikin 'yan mintoci, tare da na maƙwabci da na maƙwabcin maƙwabci.

A ɗauki unguwa mai faɗin hekta 10, ruwa yana sauka milimita 60 a awa. Tana gonaki da gidaje jefi-jefi, abin da zai gudu bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba, lita 500 ke nan a daƙiƙa. Ta cika da gini, kashi 80 zai gudu, fiye da lita 1,300 a daƙiƙa. Kwalbati mai bututun santimita 60, idan yana da tsabta kuma yana gangara mita ɗaya a kowace mita ɗari, iyakarsa kusan lita 600. Ka ga wanda ya saka shi shekarun baya bai yi kuskure ba, unguwar ce ta girma ta bar shi. Sannan a leƙa cikinsa a watan Yuni: yashi ya kai rabi, a baki kuma ledar fiya wata da robar lemo da tsumma sun saƙa tabarma a jikin wani reshe da ya gitta. Bututun da yashi ya ci rabinsa ba ya ɗaukar ko rabin ruwansa. Ragowar sai ya hau titi ya nemi zauren da ya fi ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kududdufi. A Rotadam akwai wani dandali, Benthemplein, da aka buɗe a 2013. Idan gari ya bushe yara suna wasan ƙwallo da tsere a cikin kwarinsa, idan aka yi ruwa mai ƙarfi ya cika ya riƙe kusan lita miliyan 1.7, daga baya a sake shi a hankali. Injiniyoyi daga ƙasashe suna zuwa kallonsa. A ƙarƙashin wata ma'ajiyar motoci ta Museumpark kuma sun gina tafki mai lita miliyan 10. Kuɗi masu yawa suka kashe don su samu abin da birnin Zazzau ya gada kyauta. Ramukan da kakanni suka haƙa suna ɗibar jar ƙasar tubali su ne ma'ajiyar ruwan cikin ganuwa. Kududdufi mai tsawon mita 50, faɗin 40, zurfin 2 yana cin lita miliyan 4, ninki biyu da ɗoriya na dandalin da ake zuwa kallo. Waccan unguwa mai hekta 10, ruwan awa ɗaya da za ta zubar lita miliyan 4.8 ne, kududdufi ɗaya ya kusa shanye shi. Mu kuwa muna cike shi da shara shekara goma, mu zuba jar ƙasa a kai, mu yanka fuloti. Ruwa bai san an sayar ba. Gidan da aka gina a kan bola kuma, sharar tana ruɓewa tana zama, harsashi ya bi ta, bango ya tsage daga kusurwar taga.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: kududdufi gidan sauro ne, yana wari, yara suna faɗawa. Maganinsa gyara ne. A kewaye shi. A gina ɗan rami mai zurfin mita ɗaya da raga ta ƙarfe a inda ruwa yake shiga, ya tare yashi da leda, a riƙa kwashewa. A saka ƙaramin bututu a ƙasa da zai tsiyaye ruwan cikin kwana biyu zuwa uku, domin sauro yana bukatar kamar mako ɗaya kafin ƙwai ya zama mai cizo. A bar masa mafita mai faɗi a sama don ranar da ya tumbatsa. Kuma ruwan bayi da na wanke-wanke kada su shiga, su ne tushen warin.

Bambancin da na fi gani tsakanin nan da gida yana wajen yadda ake hango ambaliya. A Holan mutum yana saka lambar unguwarsa a shafin gwamnati ya ga santimita nawa ruwa zai kai a titinsa idan madatsa ta ɓalle. Akwai taswirar da ke nuna inda ruwa zai kwanta idan milimita 70 ya sauka cikin awa biyu, lungu-lungu. Hoton ba shi da ban tsoro, shuɗi ne kawai a kan taswira, amma da shi ake yanke shawarar inda za a ɗaga titi da inda ba za a ba da izinin gini ba. Sun iya haka ne don sun auna tsayin ƙasarsu da haske daga jirgin sama. Bayanan tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta kuwa kowane ɗigo mita 30 ne, kuskurensu yana kai mitoci, ga shi santimita 30 ce take raba gidan da ya tsira da wanda ya ci ruwa. Don haka taswirar Zariya da ƙafa za a yi ta.

Ba aiki ne mai tsada ba. Washegarin ruwa, kafin layin danshi da ɗigon ciyawa su bushe daga bango, a ja layi da fenti a rubuta kwanan wata, a auna tsayinsa daga titi, a ɗauki hoto da wayar da aka kunna mata alamar wuri. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili nesa da indararo, a auna zurfin ruwan da rula, a rubuta lokacin farawa da na ɗaukewa. Tiyon nan mai haske da magina suke ɗaukar lebur da shi ya isa a gane tsakanin ƙofa da ƙofa wace ce ƙasa. Littafin ya zauna wurin mai unguwa. A tambayi dattawa inda tsofaffin kududdufai da hanyoyin ruwa suke, a zana su kafin masu sanin su ƙare. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da tarihin ruwan sama na shekaru masu yawa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan nazarin ƙasa da tsara birane da injiniyancin ruwa cike da ɗalibai masu neman abin bincike. Damina uku ta wadatar a fitar da taswirar gefen Kubanni, daga Samaru har inda ta haɗu da Galma, a manna ta a ƙofar masallaci. Mai shirin sayen fili ya ga layin kafin ya biya.

A matakin gida, ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. Tubali yana jure ruwan da ya doke shi ya wuce, musamman in ya sha makuba, amma ruwan da ya kwanta a gindinsa awa shida sai ya jiƙa shi ya koma taɓo, nauyin azara da rufi ya ƙarasa aikin, galibi cikin dare. A ɗaure gindin bango da dutse ko bulo da siminti zuwa santimita 45 ko 60, a yi daɓe mai gangara waje, a tabbata indararo yana jefa ruwa nesa da bango. Shafe ginin ƙasa duka da siminti yaudara ce, ruwa yana shiga ta tsaga ya maƙale a ciki. Bakin rijiya a ɗaga shi ya wuce layin fentin nan, masai kuma ya yi nisa da ita, mita 30 in fili ya bari, domin kwalara bayan ambaliya ta nan take shigowa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, balle ɗan acaɓa da fasinja biyu. Wanda kuma ya cike gidansa ya ɗaga shi sama da titi, ya sani ruwan da ya kora gidan bayansa ya tura. Shi ya sa lungu gaba ɗaya ya kamata ya zauna a kan lebur ɗaya.

A nan Holan hukumomin ruwa 21 ne, zaɓensu daban, harajinsu daban, kowane gida yana biya duk shekara, kuma babban aikinsu kula da madatsu da magudanu da tsabtace ruwa ne. Mu ba mu da wannan, amma muna da gayya, sai dai lokacinta muke kuskurewa. Yasar kwata a Agusta bayan ruwa ya shiga ɗaki makara ce. A Afrilu ake yi, a maimaita a ƙarshen Yuni, a fara daga ƙasa inda ruwa yake fita a hauro sama, don in aka fara daga sama an buɗe wa ruwa hanya ne zuwa wurin da yake toshe. Yashin da aka fitar kuma a kwashe shi ranar da amalanke ko tifa. Tulin da aka bari a bakin kwata, ruwan farko ne yake mayar da shi ciki.