Bakin ruwan Legas: ba a tambayi masunta ba

A watan Oktoban 2016 gwamnatin jihar Legas ta Gwamna Akinwunmi Ambode ta ce za ta rushe unguwannin bakin ruwa a Legas, wai sun zama maɓoyar masu garkuwa da mutane. Bayan kamar wata guda, unguwar masunta ta Otodo-Gbame da ke Lekki ta sha wuta da katafila. Amnesty International ta ce mutum fiye da 30,000 ne suka rasa muhalli. Da aka koma share ragowar a Afrilun 2017, cikin kwale-kwale mutane suka tsere da tabarmi da tukwane da goyo. A watan Yuni Babbar Kotun Legas ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, ta umarci gwamnati ta zauna da mazauna. Sai dai aikin gama ya gama.

Matsalar tsaro gaskiya ce, zaizayar gaɓa ma haka, kuma katangar duwatsun Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku don gina shi, ta tare ambaliyar da ta addabi gaɓar tekun Bar Beach. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ma'aunin. Mai tsara birni da kuɗin fuloti yake auna bakin ruwa. Masunci ɗan ƙabilar Egun kuwa lissafinsa daban: inda zai ɗaure jirgi, inda matarsa za ta hura wutar banda, wa zai saye kifin kafin rana ta yi zafi. Ka ba shi ɗaki mai tayil a can tudu, ka raba shi da sana'a. Ina zai shanya koma?

Kuma ba wai mutanen ba su san abin da suke so ba. Bayan rusau na 2012, lokacin da aka ba Makoko, wata unguwar masunta da ke kan ruwa, wa'adin awa 72 su tashi, mazauna sun haɗa kai da masana suka miƙa wa gwamnati nasu tsarin gyaran unguwa a 2014. Zama a kan ruwan suka zaɓa, a gyara musu shi.

Yanzu ga titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, kilomita kusan 700, da aka fara a 2024. Ya kamata tun kafin a kafa turakun awo a kowane ƙauye, masunta da mata masu banda su nuna mashigar jirage da maƙabartu da kasuwa, a sa su a taswira. Taron da ake kira bayan an ba da kwangila sanarwa ce kawai.