Kan SD-24 ba ya kama siginar da ta wuce sau ɗaya

Yana damuna yadda wasu masu aikin fayiba (wayar sadarwa mai ɗaukar haske) a nan Sakkwato ke ɗauka cewa tsohon kan Tektronix SD-24 (kan awo da ake haɗawa da osiloskof, wato na'urar da ke nuna siffar siginar lantarki), tunda mitar siginar da yake iya aunawa tana kai 20 GHz, zai kama duk abin da ya gifta. Lambar ce ke sa wannan zaton, amma ba haka yake aiki ba.

Duk bugun tiriga (alamar da ke ba shi umarnin ɗauka), ɗigo ɗaya tak na siginar yake ɗauka. A bugu na gaba sai ya ɗan jinkirta ya ɗauki wani, har siffar ta haɗu. Don haka dole siginar ta riƙa maimaituwa. Misali, bugun laser mai dawowa kullum zai fito sarai, amma tangarɗar da ta faru sau ɗaya ba za ka ga siffarta ba. Kuma kan ba ya karanta haske, sai fotodayod ta mai da shi lantarki tukuna.