Balcerowicz da ƙofar babban banki

Duk lokacin da aka tashi kare janye tallafi ko sakin darajar kuɗi, da wuya a kammala muhawara ba a ambaci Poland ba. Sai ka ji an ce: ai ga ƙasar da ta sha magani mai ɗaci lokaci guda ta warke. Mutumin da ya haɗa maganin shi ne Leszek Balcerowicz, kuma a ganina masu yabonsa da masu zaginsa duk sun fi mayar da hankali kan shekaru biyu na rayuwarsa, sun bar aikin da ya fi ɗorewa.

An haife shi a 1947, ya yi karatun tattalin arziki a Warsaw, ya ƙaro ilimi a New York. Ɗan jam'iyyar kwaminisanci ne har zuwa 1981, shekarar da aka kafa dokar soja don murƙushe ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity, sannan ya fice. A watan Satumban 1989 Firaminista Tadeusz Mazowiecki ya naɗa shi mataimakinsa kuma ministan kuɗi. Abin da ya tarar ba ƙarami ba ne: shaguna fayau, mutane na kwana a layi saboda nama, hauhawar farashi ta haura kashi 600 cikin 100, ga bashin waje da ƙasar ta kasa biya.

A ƙarshen Disamba majalisa ta amince da dokoki 10, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 1990. Aka saki farashin yawancin kayayyaki, aka zaftare tallafi, aka tsayar da dala ɗaya a kan zloty (kuɗin Poland) 9,500, aka ɗora haraji mai nauyi a kan kamfanonin gwamnati da suka ƙara albashi fiye da ƙima. Cikin 'yan makonni kaya suka dawo kanti, sai dai aljihu ya yi sauƙi. Tattalin arzikin ya tsuke a 1990 da 1991, ya fara farfaɗowa a 1992, kafin na maƙwabtan Poland da su ma suka fito daga tsarin kwaminisanci.

Ba zan tsallake waɗanda abin ya rutsa da su ba. Rashin aikin yi, wanda a hukumance kusan babu shi a da, ya wuce kashi 16 cikin 100 a 1993. Mafi ban tausayi su ne ma'aikatan gonakin gwamnati a arewaci da yammacin ƙasar. Gonar ce aikinsu, ita ce gidansu, ita ke kai 'ya'yansu makaranta. Da aka rushe gonakin, ƙauyuka da dama suka wayi gari babu abin yi, babu motar zuwa birni, wasu iyalan suka shekara goma ba su miƙe ba. Daga cikin wannan fushi ne Andrzej Lepper, jagoran manoma, ya samu jama'a, yana maimaita cewa dole Balcerowicz ya tafi. Wannan laifi ne na gaske, kuma ban yarda da masu cewa babu yadda za a yi ba. Gwamnatin da ta iya rubuta dokoki 10 cikin 'yan watanni ba za ta gaza tanadar wa mutanen ƙauye mafita ba, da ta sa su a gaba.

Amma masu kafa hujja da Poland sukan manta abubuwan da suka tallafi shirin. Ƙasashen Yamma sun haɗa asusun dala biliyan 1 don kare darajar zloty. A 1991 ƙasashen da ke bin ta bashi, waɗanda ake kira Paris Club, suka amince su yafe rabin bashin. An fara biyan marasa aiki alawus ƙarƙashin ministan ƙwadago Jacek Kuroń. Sannan gwamnatin ta fito ne daga Solidarity, ƙungiyar ma'aikata da ta sha ɗauri tare da jama'a, don haka da ta ce a yi haƙuri, akwai dalilin saurarenta.

Abin da ya fi jan hankalina yana cikin dokokin nan 10: an taka wa gwamnati burki kan cike giɓin kasafi da kuɗin babban banki. Daga baya kundin tsarin mulkin 1997 ya haramta hakan ƙarara. Balcerowicz ya sake riƙe ma'aikatar kuɗi daga 1997 zuwa 2000, a matsayin shugaban jam'iyyar Unia Wolności, sannan a Janairun 2001 ya zama shugaban babban bankin ƙasar, wato mai gadin ƙofar da ya taimaka aka rufe.

A nan ne aka gwada shi. Ya karɓi aiki kuɗin ruwa na kashi 19 cikin 100, rashin aikin yi na hawa zuwa kashi 20. Gwamnatin Firaminista Leszek Miller, mai ra'ayin hagu, ta matsa lamba a sauke kuɗin ruwa da sauri, har aka yi barazanar sauya dokar bankin. Bankin ya sauke, amma a kan matakin da ya ga ya dace, ba na gwamnati ba. Hauhawar farashi ta faɗo daga sama da kashi 8 a ƙarshen 2000 zuwa ƙasa da kashi 1 a ƙarshen 2002. Akwai masana da ke ganin an tsananta fiye da kima kuma an yi asarar ayyuka a dalilin haka; hujjarsu tana da nauyi. Duk da haka ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004 da kuɗin da mutanenta suka yarda su ajiye a banki. A 2006 ya sake karawa da wata gwamnatin, ta jam'iyyar PiS mai ra'ayin dama, kan haɗewar bankunan Pekao da BPH. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, ya ƙi bayyana a gabansa, kotun tsarin mulki kuma ta yanke cewa hurumin da aka bai wa kwamitin ya wuce iyaka. Gwamnatin hagu ta yi faɗa da shi, ta dama ma ta yi, ya kammala wa'adinsa na shekara shida a 2007.

Mai karatu a Najeriya zai gane inda maganar ta dosa. Mu ma muna da doka: ta babban banki ta 2007 ta taƙaita rancen wucin gadi ga gwamnati zuwa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Amma rancen ya taru har naira tiriliyan 22.7, kuma a 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango. A shekarar ce aka janye tallafin fetur aka saki naira, talaka ya ɗauki nauyin kuɗin da aka buga ba da saninsa ba. Idan za a yi mana misali da Poland, to a fara da wannan: a sa haramcin a kundin tsarin mulki, a kuma naɗa gwamnan babban bankin da zai iya ce wa wanda ya naɗa shi a'a.