Hasumiyar Fonthill da tambayar "daga ina?"

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Jiya bayan la'asar na tsaya kallon wani bene da ake ginawa a layinmu. Ana zuba kankaren hawa na uku, leburori na hawan tsani da kwano a ka, ɗayansu ko silifa babu a ƙafarsa. Mai ginin yana cikin mota, gilashi a rufe. Ban san tsakaninsa da su ba, ba kuma zan yi masa mummunan zato ba. Amma ganin nan ya tuno mini da wani Bature, William Beckford.

An haife shi a Ingila a 1760. Mahaifinsa ya yi magajin garin Landan sau biyu, ya mutu a 1770, ya bar wa yaron da bai cika shekara goma ba filaye a Wiltshire da gonakin rake a tsibirin Jamaika. Masu noman raken bayi ne, waɗanda aka kwaso daga Afirka cikin sarƙa da 'ya'yan da suka haifa a can. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taka tsibirin ba. A 1787 an sa shi a jirgin ruwa ya je ya duba gonakin, da aka isa Lisbon a ƙasar Portugal ya sauka, bai ƙara gaba ba. Kuɗin dai na zuwa, gumin kuma ba ya gani.

Ya shiga majalisar dokoki, ya wakilci mazaɓar Wells, daga baya ta Hindon, sai dai kujerar ba ta dame shi ba. Hankalinsa na kan tara kayan ƙawa: zanen Raphael da na Bellini, shahararrun masu zanen Italiya, tangaran, kayan azurfa, littattafai jibgi guda. Da ya rasa gidan da ya dace da su, sai a 1796 ya sa mai zayyana gine-gine James Wyatt ya tsara masa katafaren gida mai suna Fonthill Abbey, da hasumiya mai tsayin sama da mita 80. Ya zagaye filin da doguwar katanga don kada kowa ya leƙo. Gaggawa ta ci shi, ya sa magina aiki dare da rana, da duhu ya yi a kunna wuta a ci gaba. Hasumiyar ta rushe tun ana ginin, ya ce a sake ɗagawa.

Ku karanta aya ta 128 da ta 129 a Suratush Shu'ara'i. Annabi Hudu (AS) yana tambayar Adawa: kuna gina alama a kan kowane tudu don wasa, kuna riƙon manyan gine-gine kamar za ku dawwama? Abin mamaki, Beckford da hannunsa ya rubuta ƙagaggen labarin wani halifa da girman kai ya sa ya gina hasumiya, ƙarshensa ya faɗa hannun Iblis. Ya rubuta, ya ajiye alƙalami, ya tashi ya gina tasa.

Farashin sukari ya faɗi, bashi ya yi masa katutu. A 1822 ya sayar da gidan da mafi yawan kayan ciki ga John Farquhar, wanda ya yi arziki da albarushi, a kan fam 330,000. A watan Disamba na 1825 hasumiyar ta zube, ta haɗa da wani sashen gidan.

To a nan mutum zai ce ai ya tsira, tunda ya sayar kafin ta faɗi. A lissafin kasuwa haka ne. Ya koma garin Bath, ya gina wata ƙaramar hasumiya, ya ci gaba da saye. Da Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, fam miliyan 20 aka ware wa masu bayi a matsayin diyya, yana cikin waɗanda suka karɓa. Bayin ko sisi. Ya mutu a 1844, kabarinsa na dutse na nan kusa da hasumiyar tasa ta biyu, zanen Raphael da na Bellini kuma suna rataye a gidan zane-zane na ƙasa da ke Landan, kowa na shiga ya kalla.

Ba kyawun gida ne laifi ba, Allah Mai kyau ne, yana son kyau. Amma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce ƙafar bawa ba za ta gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi, dukiya kuma tambaya biyu ce a kanta: daga ina ya samo, a ina ya kashe. Mu ta biyun muke shirya wa amsa, mun gina masallaci, mun raba shinkafa da azumi. Ta farkon ce muke kauce wa. Filin da aka haɗa da na marayu aka katange, kwangilar da aka karɓi kuɗinta ba a yi ba, ladan mai gadi da ya shiga wata na uku.

Ban cire kaina ba. Akwai magini da ya yi mini yaɓen katanga da damina, saura kuɗin kwana biyu ban ba shi ba, kullum ina cewa sai ya zo. Bai zo ba, wataƙila kunya ce ta hana shi. Yau in sha Allahu bayan magariba ni zan je in neme shi.