Nas biyu, gado talatin, sannan a ce ba su da fara'a

Ka tambayi mutanenmu na Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago da suka taɓa jinya a asibitin gwamnati a Legas, amsa ɗaya za su ba ka: nas ba su da kirki. To, kafin a yi zagi a zo a yi lissafi.

Ɗauki ɗakin kwanciya mai gado 30, nas biyu a aikin dare, daga takwas zuwa takwas na safe. Awon jini da zafin jiki da bugun zuciya da numfashi na mutum ɗaya, haɗe da rubutawa, ba ya kasa minti biyar. Gado 30 awa biyu da rabi ke nan, kuma masu jin jiki duk bayan awa huɗu ake sake musu. Ga rabon magani, ga ƙarin ruwa da ya tsaya don allura ta goce daga jijiya, ga wanda ba ya iya motsi, sai an juya shi duk awa biyu kada bayansa ya yi gyambo. Wuta ta ɗauke, kafin a tada janareta nas ta saka waya a baki tana haska hannun mutum tana neman jijiya. A ina fara'ar za ta fito?

Gajiya kam ana warkewa da barci. Abin da ke cinye mutum shi ne ya ga ba a ɗauke shi ɗan gida ba. Ana fitar da jadawalin aiki ba a tambayi kowa ba, a jera wa mace dare bakwai, ranar hutunta ta zo a kira ta a waya wai wance ba ta zo ba. Ta fito daga Ikorodu tun asuba, cunkoso ya riƙe ta, ta makara minti ashirin, takardar tuhuma na jiranta. Amma ranar da ta ƙara awa uku saboda mai karɓarta bai iso ba, ko sannu babu. Kuɗin danfo kuwa, wato motar haya ta Legas, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda ya koma.

Ga kuma abin da ba a son faɗa. Mara lafiya ya rasu da ƙarfe uku na dare, nas ce za ta cire masa robobi, ta rufe masa ido, ta lulluɓe shi, ta rubuta lokaci, ta tsaya gaban dangi. Wani sa'in a zage ta, wani sa'in har mari, alhali ba ita ta ce sai an biya kafin a ba da jini ba. Bayan minti goma ta koma gado na gaba da allura a hannu. Ba mai zaunar da ita ya tambaye ta yaya take. In ta yi kuka a ce ba ta iya aiki ba, in ta daure a ce zuciyarta ta bushe. Zama na minti goma sha biyar bayan mutuwa mai tayar da hankali, da shugabar ɗaki da waɗanda abin ya faru a hannunsu, ko sisi ba ya ci. Me ya hana?

'Yar Arewa da ke aiki a nan nata kayan ya fi nauyi. Da zarar an kawo mai tura baro ko ɗan kasuwar da ba ya jin Turanci, sai a ƙwala mata kira daga wani ɗakin ta zo ta yi tafinta, nata marasa lafiyan suna jira, kuma ba wanda ke lissafa wannan cikin aikinta. Wurin miƙa aiki kuma zance ya karkata zuwa Yarabanci, ba da mugunta ba, sabo ne, amma ita an bar ta a waje, har ta rasa jin cewa an canza wa gado na tara magani. Wannan ai haɗari ne ga mara lafiya. Hutun Sallah kuwa sai ta yi roƙo kamar mai neman bashi.

Sai manya su tara mutane a zaure su yi lacca kan haƙuri da juriya. Haƙurin me? Shekaru aka kwashe ana biyan naira 5,000 a wata a matsayin alawus na haɗari. A 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce nas sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, sai maganin da ta kawo shi ne sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun da zai nemi aiki da su a ƙasar waje, har nas suka fito zanga-zanga a Legas da Abuja. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi, cikin buƙatun har da alawus na karɓa-karɓa da na kayan sawa.

Duk wadda ta tafi Ingila, gadajenta kan waɗanda suka rage suke komawa, sabuwar da aka ɗauka kuma ba babbar da za ta riƙe hannunta wata uku na farko. Ana jefa ta aikin dare ita da wata sabuwa irinta, a ɗakin da ko kujerar miƙe ƙafa babu, balle wurin ajiye jaka da yin sallah.