Ranar da jaki ya kai ni biki a Tawa

Matata ta raɗa wa kekena mai batir suna Kishiya, kuma ban ga laifinta ba. A ɗaki take kwana kusa da wurin jona wuta, ni ke goge ta da tsumma kowace safiya, in an ɗauke wuta da dare kuwa ita nake fara tunawa kafin in tuna yara na jin zafi. Shan inna ya kama ni tun ina yaye. Na yi shekaru ina murza keken hannu mai taya uku daga unguwar Bukoki a Yamai zuwa rumfar da nake gyaran wayoyi, har kafaɗuna suka fara kuka, sannan Allah ya hore mini wannan ta gwanjo. Batir biyu gare ta, kowane volt 12, in an haɗa su ba da 24. Nauyinta ya kusa kilo 90, gudunta kuma bai wuce kilomita 6 a awa ba, mai saurin ƙafa yana iya jerawa da ni muna hira. Duk da haka yaran unguwa sun yarda mota ce, ni ma ban musa musu ba.

Sai ga waya daga Tawa. Kawuna zai aurar da autarsa, ya ce in ban taho ba kar in sake kiran shi kawu. Matata ta ce in bar Kishiya a gida in tafi da sanduna. Na ce sam. Mutanen Adar sun shekara suna dawowa daga Abijan da rediyo da agogon zinare suna mana fankama, yau dai su ma sai sun ga abin Yamai.

Ƙarfe huɗu na asuba ina tashar kar, ƙanena na biye da ni da jaka. Na yanki tike lafiya. Rigimar ta fara ne wurin masu loda kaya. Babbansu ya zagaye Kishiya, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya ce wa ƙanena, ba ni ba:

"Moto ce. Sai an juye man da ke ciki kafin a loda."

Na ce masa babu mai a ciki. Bai ko dube ni ba, ya kira yaronsa ya zo da tiyo da galan. Su biyu suka shiga neman tanki. Sun ɗaga matashin zama, sun buɗe aljihun baya sun sami carbi da cajar waya, yaron har shinshina taya ya yi. Da suka rasa sai ogan ya ce to ko babu tanki kuɗin moto za a biya, jika biyar.

Nan na gyara zama na fara lacca. Na ce wannan ƙafafuna ne, a cikin fasinjojin nan wa aka yanka wa ƙafafunsa tike daban? Na ce Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, a 2019 kuma an yi doka sukutum a kanmu. Na ƙara da cewa ko a jirgin sama an san da zaman irin wannan keke: in batirin litiyom ne mai cirewa, wanda bai wuce watt-awa 300 ba, a hannu ake shiga da shi cikin jirgi, irin nawa kuwa na dalma mai rufaffen baki a jikin keken ake barin shi.

Ogan ya saurare ni har na gama, abin da ya burge ni. Sannan ya ce:

"To Alhaji, filin jirgin Diori Hamani ba nisa. In kuma da mu za ka, dokar nan ta faɗi wanda zai ɗaga?"

Gaskiya ba ta faɗa ba. Muka shirya a jika biyu, ba da sunan moto ba, da sunan shayin masu ɗagawa. Kishiya ta fi ƙofar wurin kaya tsayi, saboda haka suka kwantar da ita a gefe guda suka cusa. Ni kuma ƙanena da karen mota suka ɗauke ni cak suka hau matakala da ni, ɗaya na cewa a fara shigar da kai, ɗaya na cewa ƙafa, ni da ake maganar kaina da ƙafata ba wanda ya nemi ra'ayina.

Daga Yamai zuwa Tawa ya haura kilomita 500, kuma watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 bai nemi izinin kowa ba. Mai ƙafa yana shan ruwa yadda ya ga dama, in an tsaya ya zagaya bayan kanti. Irinmu kuwa tun daren jiya muke ƙulla yarjejeniya da mara. Ba shayi, ba fura, ruwa sai na jiƙa maƙoshi. Masu rubuta doka ba su cika tunawa da wannan ba, kuma shi ne rabin wahalar tafiyar.

Wata tsohuwa ce kusa da ni. Ta ga yadda aka shigo da ni, tun daga nan take satar kallona tana girgiza kai. Muna wuce Kure, inda kowa ke manne da taga ko zai hango raƙumin dawa, sai na ji abu ya faɗo mini a cinya. Dala ashirin. Ta ce, "Ɗana, ka sa mu a addu'a." Ina sanye da shadda mai aiki, wayar da ke hannuna ta fi kuɗin tikenta sau da yawa, amma ita ƙafafun ta gani. Da can irin wannan yakan ɓata mini yini guda. Yanzu na girma. Na ce Allah ya karɓa, Inna, na jefa a aljihu.

Kafin Doso wayarta ta ƙi kama kira, tana ta bubbuga ta a gwiwa. Na karɓa, na buɗe, na goge katin da bakin riga, na ɗan ɗago ƙarfen da ya kwanta da tsinken sakace. Kira ya shigo nan take. Ta zaro ido ta ce nawa za ta biya. Na ce ai kin biya tun Kure.

Dogon Dutsi ba abin labari. A Konni ne na ga tashin hankali ta taga. An sauke masu sauka, an fito da Kishiya don a ciro wata akwati da ke bayanta, wani saurayi ya haye ya harɗe ƙafa abokinsa na ɗaukar shi hoto. Na buga gilashi har hannuna ya yi zafi, shi kuma ya ɗago mini hannu yana murmushi, ya ɗauka gaisuwa ce. Suka tura ta gefe, suka jera buhunan albasa, suka mayar da ita ciki. Muka karya arewa daga Tsarnawa, muka bi ta Badagishiri, ni dai ban da lissafin abin da ke kan Kishiya ba abin da nake yi.

Bayan la'asar muka shiga Tawa. Taubashina na tasha yana jira, tun daga nesa yake ihu wai a ba da hanya bawansa ya iso. Aka fito da Kishiya tana warin albasa, ɓawo har cikin tayoyi. Aka ɗora ni. Na gyara hula, na tabbatar mutane sun taru, na danna maɓalli. Fitilu suka yi ta ƙyaftawa. Na tura ƴar sandar tuƙi gaba. Ko motsi.

Ni na san abin da ya faru. A baya, jikin kowane inji, akwai ɗan ƙarfe da ake juyawa in ana son tura keken da hannu. Muddin yana a juye, na'urar ba za ta yarda ta ja ba, sai dai ta yi ta ƙyafta fitila. Ƴan Konni ne suka juya su. Aikin daƙiƙa biyu ne, sai dai hannuna ba ya kaiwa can. Na buɗe baki zan faɗa, ashe na makara, masana sun riga sun iso.

Wani ɗan kabu-kabu ya ce buji ne, shi da jin shirun ya gane. Na ce ba ta da buji. Ya dubi taubashina ya ce, "Ba abin da ba ya da buji." Wani direban adaidaita ya ce a tura ta da gudu in sa giya ta biyu. Wani dattijo ya tambaya ko mun tsaya ƙarƙashin tsamiya a hanya. Mai gyaran rediyo ya riga ya fito da sukundireba yana neman inda zai fara kwancewa. Ina ta cewa jama'a ƙarfen baya, ƙarfen baya, ana ta cewa in yi haƙuri in kwantar da hankalina, yanzu za a gyara mini. Taubashina kuwa, da ya fi kowa jin abin da nake faɗa, ya jingina da bango yana dariya har da hawaye, don irin wannan ranar yake roƙon Allah.

Wata yarinya mai tallan cuku ce ta tsaya gabana da tire a ka ta ce, "Baba, mi kac ce a taɓa?" Na nuna mata. Ta ajiye tire, ta ratsa tsakanin ƙafafun masana, ƙas, ƙas. Na kashe na kunna, Kishiya ta zabura har mai sukundireba ya yi tsalle. Ɗan kabu-kabu ya gyaɗa kai ya ce dama ya faɗa. Na sayi cuku na jika guda, da haƙƙinta.

Kan kwalta na yi sarauta. Yara na bi na da gudu, masu shaguna na leƙowa, taubashina na biye a kan moto da jakata, yau shi ne bawan. Amma gidan Kawu yana can cikin Bilbis, tsohuwar unguwa, kuma wanda ya san Tawa ya san inda kwalta ta ƙare rairayi ke karɓa. Wanda ya ƙera Kishiya bai taɓa jin labarin Adar ba. Ƙananan tayoyin gaba suka nutse, na baya suka shiga haƙa rami suna watsa wa jama'a ƙasa. Batirin da ke kai ni kasuwar Katako in dawo bai nuna gajiya ba, a nan ina kallo fitilu suka sauka daga kore zuwa rawaya zuwa ja. Ana jin kiɗan biki daga inda na kafe.

Matasa huɗu suka gwada ɗagawa da ni a kai, suka ajiye suna haki. Sai ga mai amalanke ya sauke itace zai koma gida. Taubashina bai shawarce ni ba, shi ma. Aka kawo igiya aka ɗaura, aka sake juya ƙarafan nan na baya. To in an juya su babu birki ko kaɗan, saboda haka duk sanda jakin ya tsaya tunani, kuma jaki ne mai yawan tunani, sai in tafi luu in daki bayan amalanken da gwiwa. A haka muka shiga layin gidan biki: jaki a gaba, ni a tsakiya riƙe da hula, yaran unguwa a baya suna tafi.

Maroƙi bai taɓa samun abinci a sauƙaƙe irin na ranar ba. Ya bar angon da yake wasawa ya taho da gudu:

"Na Yamai, sarkin zamani! Kowa ya zo da mota mai shan mai, kai ka zo da mai cin kara! Injinka in ya gaji shi yi kuka, ba shi mutuwa!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Sai da na ba shi jika kafin ya yi shiru, ya karɓa ya ƙara baiti biyu kyauta.

Da dare aka shiga yaƙin caji. Batirin dalma na son wajen awa takwas kafin ya ƙoshi, wutar gari kuma ta tafi tun magariba. An kunna injin wuta saboda masu kiɗa, kuma duk wayoyin dangi daga Abalak har Madawa suna layi a kan wurin jonawa guda. Na jona Kishiya, na juya in gaisa da gwaggo, na waiwayo na tarar an cire an sa wayar uwar amarya. Na mayar. Aka cire aka sa fanka. Daga ƙarshe na sa aka shimfiɗa mini tabarma a wurin, na kwana riƙe da wayar cajar a hannu. Da asuba fitila biyu sun kama, an kuma shanya zanen wata a kan madafar hannu.

Da hantsi ina kan tabarma ina shan fura, wadda na yi kwana guda ina bin bashinta, sai Kawu ya fito yana dogara sanda. Gwiwoyinsa sun daɗe suna ba shi wahala. Ya tsaya kan Kishiya ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wagga aba ko tsoho na iya hawa?"

Kafin in haɗiye furar ya zauna. Ashe yara sun yi wasa da maɓallan da safe sun kai gudun ƙarshe, tsakar gidan kuma daɓe ne, ba rairayin da zai cece mu. Kawu ya damƙi sandar tuƙi ya tura. Ya bi ta kan tabarmar baƙi, kaji suka watse, gwaggo ta ɗauke tukunyar miya da ƙyar. Ina ihu, "Kawu, saki! Saki hannun!" domin birkinta ke nan, kana sakin sandar take tsayawa cak. Shi kuwa sai ƙara damƙewa yake da hannu biyu yana salati. Ya zagaye turmi, ya nufi mata masu tuƙa tuwo, suka tarwatse da muciya a hannu, sannan ya tafi kai tsaye ya rungumi rumbun hatsi. Tayoyi na ta juyawa a banza har taubashina ya je ya kashe.

Kawu ya gyara rawaninsa da ya zamo kan ido, ya huta, ya dube ni daga can.

"In ka koma Yamai ka sawo mini irinta. Amma mai birki."

Na ce Kawu ai tana da birki, hannu kawai za ka saki.

Ya ce, "Kai ɗana, wane mahaukaci ka sakin abu shina gudu da shi?"