Allon gargaɗi a tsakiyar ruwa, kifi aka kafa wa?

Yau ma sai da na juyo. Na yi minti 20 ina taka fedar keke a hanyar nan ta bakin kogi, ina gangarawa ƙarƙashin gada sai ga ruwa ya shanye ta kakaf. Allon da ke cewa an rufe hanya kuwa yana can tsakiya, rabinsa a nutse. Don Allah wa aka kafa wa shi? Kifi?

Ni ban ga laifin kogi ba. Duk shekara lokacinsa ɗaya, kuma ba ya zuwa a ɓoye. Fadamarsa ce aka shimfiɗa hanya a kai, don nan ne fili yake a baje ba gini. Ƙarƙashin gada kuma dole a sauke hanyar ta yi ƙasa don kan mutum ya wuce, shi ya sa nan ruwa ke fara kwanciya, nan yake ƙarewa. Wani abin da ke ruɗa baƙon hanya shi ne ba ranar da aka tafka ruwa kogi ke cika ba. Sai ruwan da ya sauka can sama ya gangaro, kwana ɗaya ko biyu, gari ya washe rana na ƙwallewa, kai kuma ka tarar da hanya a cikin ruwa. Duk wannan masu kula da hanyar sun sani. Akwai ma'aunin da ke nuna musu tashin ruwa. Me zai hana su kafa allon a mararraba, inda mutum zai iya sauya hanya tun kafin ya ɓata lokacinsa?

Amsar na san ta. A wurinsu wannan hanyar shan iska ce, ta masu motsa jiki da yamma. Ba su ɗauka akwai mai bin ta zuwa aiki kullum ba, wanda idan ya makara sai ya sha tambaya. Da titin mota ne ya nutse, kafin azahar an fitar da sanarwa an buɗe wata hanyar. Mu kuwa sai mu hau babban titi, tirela na wucewa iskarta na neman kifar da kai.

Shi ya sa wasu ke kutsawa, kuma ganganci ne. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Ba ka ganin ƙasa, ba ka san ko gefen kwalta ya zaizaye ba. Ga ruwan kansa ya kwaso ƙazantar magudanai da fitsarin ɓera, ya shiga ciwon da ke ƙafarka ya bar ka da zazzaɓi. Ni ma na taɓa yin wannan wauta sau ɗaya. Bayan kwana uku kaca ta yi tsatsa, boris na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, birki ya ƙi kamawa.

Ruwan ya janye ma ba a huta ba. Laka ce yake bari, mai santsi kamar sabulu, ta yi makonni ba wanda ya zo da shebur. Bara a gabana wata baiwar Allah ta zame a kwanar gadar, jakar aikinta ta yi gefe, ta tashi tana dafe da gwiwa. Sai da lakar ta bushe ta tsage sannan aka turo masu shara.

Yanzu takalmi biyu nake fita da shi, ɗaya a ƙafa ɗaya a leda. Gobe da asuba kuma zan tsaya a mararraba ina canki-canka, in gangara ko in bi tirela.